Fashin baƙi: Me ya cinye kamfanonin motocin Ingila, alhali na Jamus da Faransa suna nan?

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Jaguar ya daina sayar da sababbin motoci a Ingila, ya sauya tambarinsa, ya kuma ce nan gaba motar lantarki kaɗai zai riƙa ƙerawa. Da aka baje samfurin sabuwar motar a birnin Miami a watan Disamba, sai intanet ta ɗauka. Masu sha'awar tsofaffin motoci suka yi ta cewa Turawan Ingila sun wofintar da gadon kakanninsu. Wasu kuma suka ɗora da tsohon zancen nan da ake ji a kowane gareji da kowace tasha, cewa motocin da su ne motoci, na yanzu gwangwani ne kawai.

Akwai gaskiya a cikin maganganun biyu, akwai kuma rashin sani. Jaguar ya bar hannun 'yan Ingila tun wajen 1990 da Ford na Amurka ya saye shi, kuma tun 2008 shi da Land Rover mallakar Tata ne na Indiya. Rolls-Royce da Mini suna hannun BMW, Bentley yana hannun Volkswagen, MG na kamfanin SAIC ne na ƙasar Sin, Lotus kuwa na Geely. Austin da Morris da Triumph da Hillman da Rover an daina ƙera su ɗungurungum. To, ta yaya ƙasar da a 1950 take fitar da kimanin rabin motocin da ake fataucinsu tsakanin ƙasashen duniya ta wayi gari babu babban suna ko ɗaya a hannunta, alhali Mercedes da Volkswagen da Renault suna tsaye? Kuma shin da gaske ne motocin wancan zamani sun fi na yanzu?

Wace mota ake kira motar tarihi?

Tsufa kaɗai ba ya ba mota daraja. A hukumance dai, Ingila tana ɗaukar motar da ta haura shekara 40 a matsayin ta tarihi, ta yafe mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a sauya mata fasali sosai ba. Jamus tana ba da lamba ta musamman mai harafin H ga motar da ta kai shekara 30 kuma aka adana ta yadda aka ƙera ta. Wannan ma'aunin gwamnati ke nan.

Ma'aunin masu tara motoci daban yake. Su suna duba ko motar ta kawo wata dabara da ba a taɓa gani ba, ko ta ci wata babbar gasar tsere, ko kaɗan aka ƙera, ko kuwa ta sauya rayuwar jama'a. Shi ya sa za ka ga Mercedes 300 SLR ta 1955, wadda guda biyu kacal aka yi irinta mai rufi, an sayar da ɗaya a kan Yuro miliyan 135 a 2022, sannan a wurin baje koli guda a ajiye ta kusa da Citroën 2CV, motar manoma da aka ƙera miliyoyinta. Ni a ganina rukuni na biyun ya fi koyar da darasi, domin a jikinsu ne ake karanta halin da ƙasashen suka shiga.

Jan tuta da harajin doki

Ba a Ingila aka haifi mota ba. Karl Benz ne ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a Jamus a watan Janairun 1886, kuma matarsa Bertha ce ta tabbatar wa duniya abin yana tafiya, da ta ɗauki 'ya'yanta biyu a 1888 ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar sama da kilomita 100, tana sayen mai a kantin magani. Faransawa suka karɓa suka mayar da abin sana'a. Panhard da Levassor suka fito da tsarin inji a gaba, ƙafafun baya su tura, wanda aka yi shekaru da dama ana bi. Iyalin Peugeot, masu ƙera zarto da injin niƙa gahawa, suka shigo a 1889.

Ingila kuwa dokarta ce ta ɗaure ta. Tun 1865 doka ta ce duk abin hawa mai tuƙa kansa kada ya wuce mil 4 a awa a karkara, mil 2 a gari, kuma sai mutum ya yi gaba a ƙasa yana riƙe da jan tuta. Sai a 1896 aka ɗage wannan takunkumi na gudu. Duk da makarar, cikin shekara goma Charles Rolls da Henry Royce sun haɗu sun kafa kamfaninsu, Herbert Austin ya buɗe masana'anta a Longbridge, William Morris kuma ya bi baya a Oxford a 1913.

Akwai wata doka da ba a cika ambato ba, alhali ita ce ta fasalta injin Ingila na tsawon shekaru. Daga 1921 gwamnati ta riƙa karɓar fam ɗaya a shekara a kan kowane ƙarfin doki na mota. Matsalar ita ce yadda ake lissafin: ana duba faɗin bakin silinda da yawansu ne kawai, ba a duba tsawon tafiyar da fistin yake yi a ciki. Sai injiniyoyi suka yi abin da kowa zai yi, suka matse bakin silinda suka tsawaita ta. Ford Model T mai faffaɗar silinda tana biyan fam 23, Austin Seven ta 1922 tana biyan fam 8. Haraji ya kori motar Amurka daga kasuwar Ingila, kuma Austin Seven ta yi farin jinin da har motar farko da BMW ya fara sayarwa ita ce aka ƙera da izini a Jamus da sunan Dixi. William Lyons ma, wanda ya kafa Jaguar, da ɗora kyakkyawan bodi a kan shasin Austin Seven ya shiga harkar mota.

Irin wannan inji yana da ja a ƙaramin gudu, ya dace da ƙananan hanyoyin Ingila masu kwana-kwana. Amma a miƙe shi a doguwar hanyar Amurka ko Ostireliya awa biyar ba tsayawa, sai ya yi zafi ya gaji da wuri. An soke harajin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai injinan da aka zana a ƙarƙashinsa sun ci gaba da fita kasuwannin waje, suna ɓata sunan motar Ingila a hankali.

Motocin da rashi ya haifa

Yawancin motocin da ake ɗaga wa hula a yau an ƙera su ne a lokacin babu. Bayan 1945 Turai ta zama kufai, ƙarfe na rabo ne, mai na rabo ne, hanyoyi sun lalace.

A Faransa umarnin da aka ba injiniyoyin Citroën tun kafin yaƙi shi ne su yi motar da za ta ɗauki manomi da buhun dankali, ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Abin da ya fito a 1948 shi ne 2CV, inji mai silinda biyu da iska ke sanyayawa, babu lagireto, rufin tamfol. An yi mata dariya a bikin baje kolin Paris, amma aka ci gaba da ƙera ta har 1990. A Italiya Dante Giacosa ya zana Fiat 500 ta 1957 domin iyalin da ke son sauka daga kan Vespa.

Labarin Land Rover ya fi kusa da mu. Gwamnatin Ingila tana neman dala ido rufe, don haka ta ce kamfanin da ya fi fitar da kaya waje shi zai fi samun rabon ƙarfe. Rover yana yin motocin manya da ba su da kasuwa a waje. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin, yana amfani da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa, sai ya ga me zai hana su yi irinta. Da yake ƙarfe ya yi wuya, aka yi bodin da alminiyam, wanda ba na rabo ba ne, aka shafa masa koren fentin da ya rage daga kayan soja. An nuna ta a Amsterdam a watan Afrilun 1948 da niyyar ta riƙe kamfanin na ɗan lokaci kawai. Ita ce ta zama motar jami'an mulki da 'yan sanda da malaman gona da ma'aikatan lafiya a faɗin Afirka, kuma tsarinta na asali bai bar layin ƙira ba sai a Janairun 2016.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne motar Volkswagen Beetle. Ferdinand Porsche ya zana ta a zamanin Hitler, amma da yaƙi ya ƙare masana'antar Wolfsburg ta faɗa yankin da Ingila ke mulka. Wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, shi ya share ɓaraguzai ya ta da injina, ya shawo kan hukumomin soja suka yi odar motoci 20,000. Wakilan masana'antar motocin Ingila sun zo sun duba, suna da damar kwashe komai a matsayin ganimar yaƙi, suka ce motar ba ta da kyau, tana da ƙara, ba mai saye. A 1949 aka mayar wa Jamusawa abinsu. Zuwa 1955 an ƙera ta miliyan ɗaya, a 1972 ta karya tarihin Model T, kuma kafin a daina yin ta a Meziko a 2003 ta haura miliyan 21.

Mini: basira ta yi yawa, lissafi ya yi ƙaranci

Rikicin mashigar Suwez na 1956 ya sa aka koma rabon fetur a Ingila, ƙananan motocin Jamus masu kama da ƙwai irin su Isetta suka cika titi. Shugaban kamfanin BMC mai ƙera Austin da Morris, Leonard Lord, ya ƙi jinin ganinsu, ya umarci Alec Issigonis ya yi ƙaramar mota ta gaske. Issigonis ya kwantar da inji a gicciye maimakon a tsaye, ya cusa giyabos a ƙarƙashinsa suna shan mai ɗaya, ya sa ƙafafun gaba su ja motar, ya tura tayoyi masu inci 10 can kusurwoyi huɗu. Sakamakon shi ne mota mai tsawon ƙafa 10 da ke ɗaukar mutum huɗu, kusan kashi 80 cikin ɗari na filinta na fasinja ne da kaya. Ta fito a watan Agustan 1959, ta ci gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. Buɗe gaban kusan kowace ƙaramar mota a yau, Corolla ce ko Golf ko Civic, za ka tarar da inji a gicciye yana jan ƙafafun gaba.

An sa mata farashin ƙasa da fam 500. Ford ya sayi guda ɗaya, injiniyoyinsa suka kwance ta ƙusa-ƙusa suna lissafa kuɗin kowane sashe, suka gano cewa BMC yana asarar kimanin fam 30 a kan kowace mota. BMC ya musanta, amma kowa ya yarda ribar, idan ma akwai, ba ta taka kara ta karya ba. Ford ya koma ya yi Cortina a 1962, mota marar wata sabuwar dabara ko ɗaya, babba, mai sauƙin ƙira, ya kwashi kuɗi. A nan ne nake ganin cutar masana'antar Ingila ta fito fili. Kamfanin da ba ya samun riba a motarsa mafi kasuwa ba shi da kuɗin zana wadda za ta gaje ta, shi ya sa Mini ta zauna a kasuwa shekara 41 kusan yadda take.

British Leyland: laifin wa?

Austin da Morris sun haɗe tun 1952 suka zama BMC, amma haɗin na takarda ne. Sun zauna kamar kishiyoyi a gida ɗaya, kowa da dillalansa, kowa da masu goyon bayansa, har ya zama mota ɗaya ake liƙa wa sunaye shida, Austin da Morris da MG da Riley da Wolseley da Vanden Plas, domin kada wani dillali ya ce an manta da shi. A 1968 gwamnatin Harold Wilson ta ingiza aka sake haɗa wannan da Leyland, mai Rover da Triumph, aka sami British Leyland, da masana'antu sama da 40 da kusan kashi 40 cikin ɗari na kasuwar gida. Jaguar da Rover da Triumph suna gida ɗaya amma suna farautar mai saye ɗaya. Rover yana da kyakkyawan inji mai silinda takwas, duk da haka Triumph ya yi nasa daban domin motarsa Stag, kuma injin ya yi ƙaurin suna wajen zafi. A 1972 Ingila ta ƙera motoci miliyan 1.9, adadin da ba ta sake kaiwa ba. Shekara uku bayan haka British Leyland ya durƙushe, gwamnati ta karɓe shi.

Har yau 'yan Ingila ba su daina gardama a kan wannan ba. Ɓangare ɗaya yana ɗora laifin a kan ƙungiyoyin ƙwadago. Hujjarsu tana da ƙarfi: yajin aiki ya zama ruwan dare a shekarun 1970, a masana'anta guda akwai ƙungiyoyi barkatai, 'yan tsiraru su ajiye aiki dubbai su zauna. Sunan Derek Robinson, jagoran ma'aikatan Longbridge, ya zama alamar wannan zamani, har sai da shugaban kamfanin Michael Edwardes ya sallame shi a 1979.

Ɗaya ɓangaren yana cewa ma'aikaci ba shi ya zana Morris Marina ta 1971 a kan tsoffin kayan Morris Minor ta 1948 ba, ba shi ya yanke shawarar a yi wa Austin Allegro sitiyari mai kusurwa huɗu ba, ba shi kuma ya hana a sabunta injinan masana'anta ba. Suna kuma nuna hannun gwamnati. An riƙa ɗaga harajin sayen mota da sharuɗɗan biya sannu-sannu ana saukewa domin daidaita tattalin arziki, ta yadda kamfani ba zai iya hasashen cinikin baɗi ba. An tilasta wa kamfanoni su gina masana'antu a yankunan da ake fama da rashin aiki. Kamfanin Rootes ya kai ƙirar motarsa Hillman Imp garin Linwood na Sikotilan, inda ake zuba ƙarfen inji a can, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Coventry a haɗa, a sake mayarwa Linwood, tafiyar kusan mil 600 zuwa da dawowa. Sannan Ingila ba ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai ba sai 1973, lokacin da Jamus da Faransa da Italiya suka yi shekara 15 a cikinta, sun kuma riga sun cire shingen ciniki a tsakaninsu.

Ni na fi karkata ga ɓangare na biyu, kuma dalilina Sunderland ne. A 1986 Nissan ya buɗe masana'anta a can, ya ɗauki 'yan Ingila aiki, 'ya'yan maƙeran jiragen ruwa da masu haƙar kwal, kuma ta zama ɗaya daga cikin mafi yawan aiki a Turai. Mutanen dai su ne, tsarin shugabanci ne ya sauya. Wannan bai wanke ƙungiyoyin ƙwadago ba, domin Rover SD1 da ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1977 yajin aiki da sakacin haɗi ne suka kashe mata kasuwa. Amma yajin aiki alama ce ta gidan da ya riga ya rikice daga sama.

Abin da ya biyo baya gwanjo ne. An sayar da ragowar kamfanin ga British Aerospace a 1988, BMW ya saya a 1994, a 2000 ya riƙe Mini, ya sayar wa Ford da Land Rover, ya miƙa Rover ga wasu 'yan kasuwa a kan fam 10. A watan Afrilun 2005 aka rufe Longbridge, ma'aikata kimanin 6,000 suka rasa aiki, 'yan Sin suka sayi injinan.

Me Jamus da Faransa suka yi daban?

Kada a ɗauka su ba su yi asara ba. Borgward ya mutu a 1961. BMW ya kusa faɗawa hannun Mercedes a 1959, iyalin Quandt suka ceto shi. Citroën ya talauce har sau biyu saboda tsabar son sabuwar fasaha, na farko a 1934 a kan motarsa Traction Avant, na biyu a 1974. Volkswagen ma ya kai bakin rami da kasuwar tsohuwar motarsa ta ja baya, Golf ta 1974 ce ta fito da shi. Bambancin shi ne idan ɗaya ya faɗi, ɗan gida ne yake ɗauka: Michelin sannan Peugeot suka ɗauki Citroën, Fiat ya ɗauki Lancia da Alfa Romeo, Volkswagen ya ɗauki Audi da NSU.

Kuma mallakar gwamnati ba ita ce guba ba, domin Renault ya kasance na gwamnatin Faransa daga 1945 har 1996, jihar Lower Saxony kuma har yau tana da ƙuri'a kashi 20 cikin ɗari a Volkswagen. A Jamus doka ta ba ma'aikata kujeru a majalisar sa ido ta manyan kamfanoni, don haka rigima takan ƙare a kan tebur. Sai kuma abin da Heinrich Nordhoff ya yi da ya karɓi Wolfsburg a 1948: mota ɗaya, a riƙa gyara ta kowace shekara, kuma duk ƙasar da za a kai ta sai an tanadi kayan gyara da horarrun makanikai. Land Rover ya rasa Afirka da Ostireliya a hannun Toyota Land Cruiser ne a daidai wannan gaɓa. British Leyland yana kwashe ribar Land Rover yana toshe ɓarakar Austin da Morris, mai saye ya yi ta jiran mota, mai mota ya yi ta jiran kayan gyara.

Inda labarin ya ratsa Kaduna

Mu ma mun ga wannan sauyi a kan titunanmu. A zamanin mulkin mallaka da farkon 'yancin kai motocin Ingila ne a gaba, Land Rover da Morris da Austin da manyan motocin Bedford. A watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama kamar maƙwabtanta masu magana da Faransanci, sannan a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassan daga Lyon zuwa Kano. Volkswagen ya zauna a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, na Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara a 1969, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Tana da tsawo daga ƙasa, tana haɗiye gargada, injinta kuma kowane bakanike yana iya kwance shi a gindin bishiya. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da ita motar hukuma, doguwar mai kujeru layi uku ta riƙe tashoshin mota, a-kori-kura ta riƙe kasuwannin ƙauye. Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Abin da ya karya waɗannan masana'antu shi ne yawancin sassan daga waje suke zuwa, don haka da darajar naira ta faɗi daga 1986 farashin sabuwar mota ya gagari ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cike gurbin.

To, motocin da sun fi ƙarko?

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Na farko sauƙin gyara, kuma a nan tsofaffin sun yi nasara ƙwarai. Kafireto da fulogi da waya kaɗan, babu kwamfuta. Marsandi W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986 ta cancanci duk yabon da ake mata, musamman mai dizal.

Na biyu rashin lalacewa, kuma a nan ido yana yaudararmu. Waɗanda suka tsira kaɗai muke gani. Tsatsa ta cinye miliyoyin motocin Ingila da Italiya tun ba su cika shekara goma ba, har a 1980 sai da Lancia ya riƙa saye motocinsa samfurin Beta daga hannun mutane a Ingila saboda ruɓewar gindin inji. Turai tana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Mu a Arewa ba mu da wannan, iskarmu busasshiya ce, shi ya sa motar da za ta ruɓe a Birmingham take kai shekara 30 a Katsina ko Damagaram.

Na uku tsira a hatsari, kuma nan ne rashin fahimtar yake kisa. Mutane suna ganin mota ta daki wata ba ta lotsa ba sai su ce mai ƙarfi ce. Idan bodi bai lotsa ba, jikin fasinja ne yake shanye bugun. Injiniyan Mercedes Béla Barényi ne ya yi rajistar dabarar a bar gaba da baya su murƙushe da gangan, ɗakin fasinja ya tsaya ƙyam, aka fara amfani da ita sosai a 1959. A wannan shekarar Nils Bohlin na Volvo ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Da Turai ta fara gwajin karo a bainar jama'a a 1997, Rover 100, wadda asalin zanenta na 1980 ne, tauraro ɗaya ta samu, kasuwarta ta mutu nan take. Ina son 504 ƙwarai, amma ba zan ba magidanci shawarar ya ɗebi iyalinsa a cikinta ya hau hanyar Abuja yana ganin ya fi mai sabuwar mota tsaro ba.

Abin da ya shafi mai saye da bakanike a yau

Ingila ta sa 2030 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motoci masu amfani da fetur ko dizal zalla, Tarayyar Turai ta sa 2035, ko da yake kamfanonin Jamus da Italiya suna ta matsa lamba a sassauta. Dokokin ba su hana tuƙa tsofaffi ba. Abin da za mu gani a nan shi ne motocin fetur da Turawa ke rabuwa da su za su ci gaba da sauka a Kwatano da Lome da Legas, sai dai kowace shekara suna ƙara cika da na'urori masu buƙatar tsaftataccen mai da kwamfutar gano matsala. Yaron da ke koyon gyara a yau, idan kunne da sifana kawai ya iya, aikin zai riƙa wuce shi.

Mai saye kuma ya daina dogaro da suna. MG ta yau a Sin ake ƙera ta, Defender ta yanzu a Sulobakiya, kuma masana'antun da ke Ingila, waɗanda suka fitar da motoci ƙasa da 800,000 a 2024, manyansu duk na baƙi ne. Tambayar da ta dace a wurin dillali ita ce wa ke kawo kayan gyaranta a Kano ko Kaduna, kuma wane gareji ne yake da na'urar dubata.

Wanda kuma yake da tsohuwar Fijo ko Marsandi ko Land Rover a ajiye a gida yana tunanin ko za ta yi kuɗi, masu tara motoci lambar shasi da ta inji suke fara dubawa ko sun dace da takardu, sannan su duba ƙasan motar. Wadda aka sauya wa inji da na Toyota ko aka yanka aka yi walda ta fita daga lissafinsu. A dangin 504 ma, mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi waɗanda kamfanin Pininfarina ya haɗa bodinsu a Italiya su ne masu tsada a Turai, mai ƙofa huɗu irin ta Kaduna farashinta bai kai ko kusa ba.